Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Nuna Ango

Shafi na 23

Baƙi ƙirin.

Talabijin baƙi, kwamfuta baƙa, zuciyar Yaya Bartholomew kuma tana kan hanya.

Miriyam tana zaune a kujerar roba kusa da ƙofa, inda ake ajiye 'yar da aka zo nema don a riƙa magana a kanta kamar ba ta nan. Ta zuba wa gilashin talabijin ido. Tunda ya ƙi nuna abin da aka ce ya nuna, sai ya koma nuna falon: kujeru, kalandar zumuntar mata, dattawa a jere, duk sun yi duhu sun yi nisa, kamar mutanen da ake hangowa a ƙasan rijiya. Ita ma tana ciki, 'yar mitsitsiya a gefe. Falon cikin gilashin ya fi na waje kwanciyar hankali. Can ba mai yin gumi.

"A sake," in ji Baba Azariya.

Baba Azariya wan mahaifinta ne. Tun da mahaifin ya rasu maganar aurenta ta koma bakinsa, bakin nan kuwa ba ya barin ƙauye sai da dalili. Yau ya baro gonar cittarsa can wajen Nok, ya hau babur, ya hau bas, ya iso Kafanchan da sharaɗin da ya kafa tun bara. An sha miƙa masa waya a ce ga Leonard, mai neman aurenta, daga Kanada yana gaisuwa. Sai ya duba, ya mayar.

"Wannan ba mutum ba ne, fasfo ne. Ba na ba da yarinya wa mutumin da bai wuce tafin hannu ba. Ku kawo shi da girman shi, in ga idon shi."

Shi ya sa yau kowa ya dogara da talabijin ɗin Bartholomew, yayan Miriyam, wanda faɗinsa ya kusa kai ƙofar shago. Dangin Leonard sun zo da akuya da buhun gishiri, Kawu Yafet a gaba. Kawu Yafet ya riga ya faɗa, cikin irin ladabin da ya fi zagi zafi, cewa akuyar nan ta fi sanin hanyar gidan nan a kan ta gidansu, kuma in ta koma yau ba za ta sake tahowa ba.

Bartholomew ya share goshi, ya durƙusa gaban teburin.

"Baba, yanzu zai yi. Tsari ne kawai. Ai babba ake fara gaisarwa. Mun kunna tibi, mun haɗa masa waya, sannan mu tashi ƙaramar, kwamfutar ke nan, ta zo ta same shi."

Baba Azariya ya gyaɗa kai. Wannan ce magana ta farko mai ma'ana da ya ji tun da ya shigo gari.

Bartholomew ya danna. 'Yar fitilar kwamfutar ta kama. Fankar cikinta ta yi ajiyar zuciya. Wani tambari ya leƙo a fuskarta, ya ga jama'a, ya koma. Shi ke nan. Talabijin ya rubuta da Turanci cewa shi bai ga kowa ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce yana zuwa, Baba."

"Tun ɗazu yana zuwa. Daga Legas yake?"

Bartholomew ya zare kebul ɗin daga bayan talabijin, ya hura bakinsa, ya mayar. Ya canza rami. Ya ciro batirin rimot ya cije, ya mayar. Ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma ne, ya san cewa in abu ya ƙi tafiya, a ci gaba da motsi a kusa da shi har a tashi aiki.

Ya fita duba janareta, ko ƙarfin wuta ne. Kafin ya dawo, mahaifiyarsu, Mama Martina, ta miƙe a hankali, ta rufe murfin kwamfutar, ta shimfiɗa mata farin ƙyallen saƙa. Mama ta saƙa wa komai na gidan nan riga: rediyo, firji, Littafi Mai Tsarki, har rimot. A ganinta abu a buɗe gaban baƙi tsirara ne.

"Mama! Wa ya rufe?"

"Ƙuda yana hawa."

"Ai in kin rufe barci take yi!"

"To dama ta tashi ne?"

Kawu Yafet ya yi gyaran murya, ya ce ko a yi addu'a. Aka sunkuyar da kai. Ya roƙi Ubangiji ya tsauta wa duk ruhun da ke tsaye tsakanin wannan waya da wancan akwati. Ya yi addu'ar da gajarta, ba kamar yadda ya saba a sujada ba, kuma da aka ce amin, Miriyam ta lura bai ko kalli talabijin ɗin ba don ya ga ko an amsa.

Ba a amsa ba.

Ƙamshin gwaten acca yana shigowa daga kicin yana zagaya falon kamar marar aikin yi. A gidan nan ba a buɗe tukunya sai an ba da magana. Cikin wani dattijo ya yi kuka, akuya ta amsa masa daga gindin mangwaro.

Miriyam ta koma cikin gilashinta.

Shekaru ke nan tana gina wani gida na Kanada a cikin ranta. Ta san shi ɗaki-ɗaki. Akwai matakala ta katako mai ƙara a taki na ƙarshe. Akwai taga babba, a bayanta dusar ƙanƙara tana sauka a hankali kamar lokacin da Mama take tankaɗe gari, ba iska, ba ɗan acaba, ba mai kiran sunan kowa. Wani lokaci dusar takan ɓata hanya ta zo ta sauka a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ta rufe dogo, ta rufe taragon nan da ciyawa ta tsiro a cikinsa, sai Leonard ya sauko daga jirgin da ya daina zuwa tun tana ƙarama, yana kaɗe kafaɗa. Takan yi wannan tafiyar a tsakiyar darasi, alli a hannu, yara suna jira ta ƙarasa zana kogi.

"Miriyam."

Ta ɗago.

"Ba kwamfutan ki ba ne?" in ji Baba Azariya. "Ba ki san halin shi ba?"

"Wani lokaci haka take yi, Baba."

Ba ƙarya ta yi ba. Irin gaskiyar nan ce da ake yankowa sirara don kada ta ƙosar da kowa.

"Yarinyan nan ya jira," Baba ya ce wa ɗakin. "Ni ma na jira. Citta ba ya jira. Gobe za mu fara haƙa. In motan ƙarshe ya tafi ya bar ni, wa zai kwana da ni? Tibi?"

Bartholomew ya ga abin ya fi ƙarfin hura kebul. Ya leƙa ta katanga ya ƙwala kira.

"Malama Rabi'a! Abeg, taimako!"

Rabi'a maƙwabciyarsu ce, gidansu ya girmi titin. Mahaifinta yana da shago a kasuwa tun zamanin da jirgi ke tsayawa. Makaranta ɗaya suke koyarwa da Miriyam, ita kwamfuta, Miriyam labarin ƙasa, kuma kwano ɗaya suke cin abincin rana tun suna masu bautar ƙasa. Ta shigo da sallama, ta gyara mayafi, ta durƙusa ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya har gwiwarta ta gaji.

Sannan ta dubi teburin. Ta dubi kebul ɗin da ke maƙale a haƙarƙarin kwamfutar. Ta bi shi da ido har bayan talabijin. Ta dawo da idon kan Miriyam, ta bar shi a nan.

Miriyam ta sami wani abu mai muhimmanci a farcenta.

"Yaya Batho, tun ɗazu a haka kuke tashinta? Da wayar a jiki?"

"Eh mana. Babba ake fara..."

"Na ji. Ina zuwa. Miri, zo ki ba ni ruwa."

"Ga ruwa nan a tire," in ji Mama.

"Na randa nake so, Mama. Wannan ya yi sanyi."

Rabi'a ta tura ƙofar kicin da ƙafa, ta jingina da ita.

"To, Malama. Ina jin ki."

"Kofi ko moɗa?"

"Wa ya koya miki haɗa kwamfutar nan da majigin makaranta?"

"Ke."

"Me na ce miki?"

Miriyam ta ɗaga murfin tukunya, ta tuna ba a buɗewa, ta mayar.

"Me na ce miki, Miri?"

"Kin ce ba ta son ta farka ta tarar da baƙo a kanta."

"Sai me?"

"A zare waya. A bar ta ta tashi ita kaɗai. In ta gama, a haɗa."

"Kuma kina yin haka duk mako a gaban 'yan aji, ido a rufe. Amma yau kin zauna kamar hoton kalanda, kina kallon yayanki yana cizon batir a gaban surukai."

"Bai tambaye ni ba."

"Baba ya tambaye ki. Ta katanga na ji."

Gwate yana ɓararraka a hankali, shi kaɗai ne a gidan bai damu ba.

"Ba kya son shi ne?" Rabi'a ta sassauta murya. "In kin fasa, faɗa mini. Wallahi in je in ce musu injin ya ƙone, in rantse da abin da ba zai kai ni wuta ba."

"Ina son shi."

"To me?"

Miriyam ta zauna a kan turmin da aka kifa. Ta kalli hayaƙin da ke bin hasken taga.

"Kwanaki muna magana, bayan na taso makaranta. Yana ba ni labarin sanyi. Sai wuta ta ɗauke a ɗakinsa."

"To?"

"Ya ce, kai, Nepa."

Rabi'a ta ɗaga kafaɗa.

"Baki ne ya saba. Ko a Makka aka ɗauke wuta, haka ɗan Najeriya zai ce."

"Haka shi ma ya ce."

"Kin gani."

"Sai ya kunna fitila. Mai caji. Koriyar nan mai marfi ja, irin wadda babanki yake jerawa a gaban shago."

"'Yan Chana ko'ina suna kai kaya."

"Haka ni ma na ce."

"Sai me kuma?"

"Ba komai. Ban ƙara duba komai ba. Na daina."

"Ke fa malamar labarin ƙasa ce. Tambaya ɗaya za ki yi masa ki gane ko ina yake."

"Shi ya sa ban yi ba."

Rabi'a ta saki ƙofar, ta zo ta tsuguna a gabanta.

"Miri."

"A waya mutum yana zaɓar abin da zai gani, Rabi. Fuska ce take cika wurin, sauran sai ki ƙarasa da kanki. Ni kuma na iya ƙarasawa. Amma tibin Yaya? Ƙusa in tana bango sai an gan ta. Baba kuma mutum ne da yake duban ganyen citta daga bakin hanya ya faɗa miki abin da ke ƙarƙashin ƙasa."

"Don haka gara a tashi ba a gani ba."

"In ba ta tashi ba, laifin kwamfuta ne. Zan iya zama da laifin kwamfuta."

"Har yaushe? Ki tsufa kina ba jikokin Yaya Batho labarin wani kebul?"

Miriyam ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

"Saurara," in ji Rabi'a. "In ba ta tashi ba, akuya ta tafi, kin rasa shi yau, ba ko shakka. In ta tashi, ƙila."

"Ƙila me?"

"Ƙila dai. Ƙila fitila ce kawai. Ƙila ba fitila ba ce. Ni 'yar kasuwa ce, in aka ajiye mini tabbas na asara da ƙila, ƙila nake ɗauka."

"To je ki tashe ta."

"Allah ya kiyaye. Ba zan taɓa ta ba. Kwamfutarki ce, mijinki ne, fitilarki ce. Ni ruwa na zo sha."

Ta ɗebi ruwan randa ta sha, don kada a ce ta yi ƙarya a gidan maƙwabta.

Da suka fito, falon ya canza. Baba Azariya ya riga ya sa hularsa, yana laluben sandarsa a ƙarƙashin kujera. Kawu Yafet ya miƙe yana gyara babbar riga da saurin da bai dace da mai baƙin ciki ba. Mama ta sake lulluɓe kwamfutar, wannan karon har da gyara gefen ƙyallen, kamar yadda ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya. A waje hasken rana ya dushe, iska ta fara taɓa ganyen mangwaro.

"Malama ya ce me?" Baba ya tambaya.

"Na ce mai abu ta fi ni sanin abinta, Baba," in ji Rabi'a, ta koma bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Miriyam ta tsaya a tsakiyar falon. Tana iya komawa kujerar roba. Kujerar tana nan, ba wanda ya ɗauke.

Ta durƙusa gaban teburin.

"Baba, ka ba ni kaɗan."

Ta ɗage ƙyallen, ta ninke, ta miƙa wa Mama a hannu.

"Mama, riƙe mini wannan. Da hannu biyu. Kar ki ajiye."

Ta buɗe murfin. Ta kama kebul ɗin ta zare shi daga jikin kwamfutar.

"Ah-ah!" Bartholomew ya zabura. "Kin cire? To ta ina hoton zai bi? Ta iska?"

"Yaya, ka yi haƙuri."

Ta ɗora yatsa a kan madannin kunnawa ta danne, ba ta ɗaga ba, har 'yar fitilar ta mutu, fankar ta yi shiru. Tun ɗazu kwamfutar ba a kashe take ba, ba kuma a kunne ba. Tana maƙale ne a tsakani, tana neman ta gane wanne ne fuskarta, nata gilashin ko na baƙon da aka liƙa mata tun kafin ta buɗe ido.

"Kin kashe shi gaba ɗaya," in ji Baba.

"Kunya take ji, Baba. Ba ta saba farkawa a gaban manya ba. Sai ta tashi ita kaɗai, ta wanke ido, ta shirya, sannan ta zo gaisuwa."

Baba Azariya ya yi nazarin wannan. Ya mayar da sandar ƙarƙashin kujera.

"Wannan ma tarbiyya ne," ya ce, ya harari Bartholomew. "Kai ka tura shi gaban mutane bai wanke fuska ba."

Kawu Yafet ya koma ya zauna a bakin kujera.

Miriyam ta danna. Fitila ta kama. Tambarin ya leƙo, wannan karon bai gudu ba. Ɗigo-ɗigon nan suka yi ta zagaye kamar yara a filin makaranta. Sai haske. Ta sa lambobin sirrinta, ta jira har komai ya zauna a mazauninsa. Hannunta ya san hanya.

"Yaya, wane rami ka bar wayar a bayan tibi?"

"Na biyu. Ko na farko."

"Duba."

"Na biyu."

"To sa rimot a na biyu."

Sannan ta ɗauki bakin kebul ɗin ta mayar a hankali. Gilashin kwamfutar ya ƙifta. Ta danne madannin nan mai hoton taga, ta haɗa da harafin P, ta zaɓi inda aka ce a nuna abu ɗaya a fuska biyu.

Rijiyar ta cika da haske. Falon da ke cikin gilashi ya ɓace, da dattawansa, da 'yar mitsitsiyar da ke gefe.

"Yesu na gode!" in ji Mama, ta ɗaga ƙyallen sama da hannu biyu.

"Dama abin da nake shirin yi ke nan," in ji Bartholomew.

Miriyam ta nemo sunan, ta kira. Ƙarar kiran ta cika ɗakin, tana tafiya tana dawowa. Ta rufe ido. Ta ba kanta wannan ɗan tsakanin ta hau matakalar katakon nan, ta taka takin ƙarshe ya yi ƙararsa, ta tsaya a gaban babbar taga. Dusar tana sauka. Ta yi mata kallon da ake yi wa gari daga bayan mota.

"Halo? Miri? Kuna ji na?"

Ta buɗe ido.

Ga Leonard, daga ƙirji zuwa kai, ya fi duk wanda ke falon girma. Hular ulu har kunne. Jibgegiyar rigar sanyi an zuge ta har wuya. Ya rame. A waya ba ta taɓa ganin ramar ba. Ba ta kuma taɓa ganin cewa akwai furfura a gemunsa ba, ko cewa gumi yana tsattsafowa a saman leɓensa.

"Yauwa," in ji Baba Azariya, ya jawo kujera gaba. "Yanzu na ga mutum."

Leonard ya zame daga inda yake zaune ya rusuna, har hularsa kaɗai ta rage a talabijin.

"Baba, ina wuni. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya. Tashi in gan ka. Kai ne ɗan marigayi mai koyar da waƙa a ikilisiya?"

"Ni ne, Baba."

"Hancin shi ne. Kana zuwa sujada a can?"

"Ba na fashi, Baba."

"Kana shan abu?"

"Sai shayi."

"Wannan gumi fa? Sanyi ne da kai ko zazzaɓi?"

Leonard ya yi dariya, ya shafa baki.

"Hita ce, Baba. Injin ɗumama ɗaki. Nan in ba ka kunna ba sai ka daskare."

"Ku kuna sayen zafi, mu muna neman mai saya."

Aka yi dariya. Har Kawu Yafet ya taya, a makare.

Baba ya daɗe yana kallon idon. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, kamar mai duba irin shuka a kasuwar Kwoi. Leonard ya daure, bai kawar da kai ba. Hankalin Miriyam ya fara kwanciya. Ƙila fitila ce kawai. Ƙila 'yan Chana ne.

"Idon shi ba laifi," in ji Baba. "Ya sha wuya, amma ba mugu ba ne."

Mama ta fara matsawa wajen kicin da gefe-gefe. Dattijon da cikinsa ke kuka ya gyara zama.

"Abu ɗaya ya rage."

Mama ta tsaya.

"Ni manomi ne, ɗana. Ba na kai iri gonan da ban gani ba. Wancan labule na bayan ka, ja shi. In ga ƙasan da za a kai yarinya na."

A bayan Leonard akwai labule mai kauri, ruwan ƙasa, an ja shi har ƙarshe, an kuma kama bakinsa da abin maƙale shanya.

"Baba, ba abin gani. Hazo ne kawai, fari fat. Da safe haka garin yake."

"Ba komai. Farin ma ina so in gani."

"Tagar tana... sanyi zai shigo, Baba."

"Ban ce ka buɗe taga ba. Labule na ce."

"Azariya," in ji Kawu Yafet, "yaro zai makara aiki. Tunda ka ga ido..."

Sai walƙiya.

Tagar falon ta yi fari, fuskokin dattawa suka yi fari. A cikin talabijin, labulen nan mai kauri shi ma ya yi fari, har zanen ƙarfen taga ya fito a jikinsa, ya ɓace.

Aradu ta faɗo a kan Kafanchan kamar an jefar da tarago daga sama. Akuya ta ƙwala ihu. Mama ta ce Yesu. Ƙarar ta mirgina, ta yi gabas, ta ja wutsiya, ta mutu.

Numfashi ɗaya.

Sai ta sake faɗowa, daga cikin talabijin. Ita ce dai, ba wata ba. Faɗuwa iri ɗaya, mirginawa iri ɗaya, wutsiyar ma ba ta canza ba. Kafaɗun Leonard suka zabura a cikin rigar sanyi.



Ruwa ya fara sauka a kan kwanon gidan, ɗigo manya-manya, ɗaya nan ɗaya can. Kowa yana ji. Kuma kowa yana jin wani kwanon, a cikin lasifikar talabijin, yana amsawa.

Kawu Yafet ya duƙufa yana nazarin takalminsa.

Baba Azariya ya cire hularsa, ya ɗora a gwiwa, ya shafe ta a hankali.

"Yafet."

"Na'am."

"Wannan Kanada. Ta Zonkwa ake bi, ko ta Gidan Waya?"

Kawu Yafet bai ɗago daga takalminsa ba.

Miriyam ta miƙe daga durƙuson. Ta zo gaban talabijin, kusa, har hasken ya rufe mata fuska. Ba ta taɓa tsayawa kusa da shi haka ba tun ranar da ta raka shi tasha. Muryarta ta fito a sanyaye, irin wadda take kiran sunan yaro da ita a aji.

"Leonard."

"Miri, bari in yi miki bayani..."

"Ja labulen."

Ya kalle ta. Ya kalli gefe, wajen wani da ba a gani. Sannan hannunsa ya tashi a hankali, ya kama abin shanyar.